Dogon Zama, Numfashi da Ciwon Ƙugu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu wuni a zaune: teloli, direbobin doguwar hanya, 'yan adaidaita sahu, masu POS, masu kitso, ma'aikatan ofis da ɗalibai. Ana iya karanta kowace amsa ita kaɗai, amma wanda bai san yadda cikin jikin yake ba gara ya fara daga sama.

Me ya haɗa zama da numfashi? Ai da huhu ake numfashi.

Huhu ba ya jan iska da kansa. Mai jan iskar wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka ce da ke ƙarƙashinsa, wadda ta raba ƙirji da ciki, likitoci na kiranta dayafram. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya gan ta: faffaɗan naman nan mai farin tantani a tsakiya, huhu da zuciya na samansa, hanta da tumbi na ƙasansa. A jikin mai rai siffarta kamar ƙwarya ce a kife. In ta ɗame sai tsakiyarta ta sauko, ƙirji ya ƙara faɗi, iska ta shigo. In ta saki sai ta koma sama, iska ta fita.

Saukowar nan tana buƙatar wuri. Hanta da tumbi da hanji ba sa ƙanƙancewa, sai dai a tura su ƙasa da gaba, shi ya sa cikin jariri ke tashi yana sauka in yana barci. Idan ka zauna ka ranƙwafa, haƙarƙarinka na ƙasa ya matso kusa da ƙashin ƙugu, kayan ciki sun rasa inda za su nufa, sai su tokare tsokar daga ƙasa. Numfashi bai tsaya ba, amma ya koma gajere, ya hau saman ƙirji.

Wane irin aiki wannan tsoka take yi a wuni?

Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti in yana hutawa, wato wajen sau 20,000 a kwana guda, kowane ja kusan rabin lita na iska. Mafi yawan wannan aiki dayafram ce ke yinsa. A numfashin hutu saukarta ba ta wuce santimita 1 zuwa 2, amma in aka ja dogon numfashi tana iya kaiwa kusan 10. Jijiyar da ke ba ta umarni daga wuya ta taso, daga gaɓa ta uku zuwa ta biyar ta ƙashin wuya, kuma wannan ne dalilin da ya sa ciwon da ke taɓa ta daga ƙasa, kamar na hanta ko matsarmama, kan bayyana a kan kafaɗa. Shaƙuwa ma ita ce ke zabura.

Tana da aiki na biyu da ba a cika sani ba: riƙe gadon baya. A 1997 Paul Hodges da abokan aikinsa a Ostiraliya sun nuna cewa in mutum zai ɗaga hannu da sauri, dayafram kan ɗame tun kafin hannun ya motsa, don ta ƙara matsi a cikin ciki, baya ya tsaya daram. Ka lura da kanka in za ka ɗauki jarkar ruwa: sai ka ja iska ka riƙe. Tsoka ɗaya ce ke shaƙar iska kuma take tallafar baya, don haka abin da ya takura ta a zaune yana taɓa duka biyun.

Ke nan zama a ranƙwafe yana rage min iskar oksijin a jini?

Ga mai lafiyar huhu, a'a. Huhu yana da rarar ƙarfi mai yawa, kuma in ka maƙala na'urar auna oksijin a yatsa kana ranƙwafe, lambar ba za ta faɗi ba. Masu cewa zaman kujera yana hana ƙwaƙwalwa iska sun yi zuzutawa.

Abin da aka auna aka gani shi ne raguwar yawan iskar da mutum ke iya ja da kuma ƙarfin fitar da ita. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Northwestern ta Amurka, aka buga a 2006, ya kwatanta tsayuwa da salon zama iri-iri, zaman ranƙwafawa ne ya zo ƙarshe a duka ma'aunan. Wannan ragi ba ya damun matashi mai lafiya. Yana damun wanda dama numfashinsa a takure yake: mai asma musamman lokacin hunturu da ƙura, dattijo, mai teɓa, mai tsohon ciki. Akwai amsa a kansu can ƙasa.

Me ya sa nake yawan ajiyar zuciya a bakin aiki, alhali ba abin da ke damuna?

Ajiyar zuciya ba ta damuwa kaɗai ba ce. Jiki yana yinta da kansa kusan duk minti biyar, ko mutum ya lura ko bai lura ba, don ya sake buɗe ƙananan jakunkunan iskar huhu da ke lotsawa in an daɗe ana gajeren numfashi. In ka ji kana yawan yinta a zaune, ka bar ta ta fito, kar ka danne.

Akwai kuma riƙe numfashi ba da saninka ba. Tela in zai zura zare a allura, mai POS in yana jiran kuɗi su shigo, mai ƙirga kuɗi, mai karanta saƙon da ya tayar masa da hankali a waya, duk sukan ɗauke numfashi na ɗan lokaci sannan su sauke shi gaba ɗaya.

Wuyana da kafaɗuna ne ke ciwo da yamma. Shi ma daga nan ne?

Yana iya zama rabin labarin. Akwai tsokoki a gefen wuya da ke taimakawa wajen ɗaga haƙarƙarin sama, aikinsu na lokacin haki ne, bayan gudu ko hawan bene. In dayafram ta takura, sai su shiga aikin numfashin yau da kullum, dubban ja a wuni. Ɗayan rabin kuma kai ne: nauyinsa ya kai kilo 4 zuwa 5, kuma in ka miƙa shi gaba kana leƙen waya ko ɗinki, tsokokin ƙeya ne ke riƙe da shi har ka tashi. Gwajin hannu da ke amsar “Ta yaya zan gwada kaina” zai nuna maka ko da wuya kake numfashi.

To ina ƙugu ya shigo cikin maganar?

Ta wata tsoka da ake kira sowas. Doguwa ce, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta taso daga gefen ƙashin baya tun daga gaɓar da haƙarƙari na ƙarshe ke manne da ita, ta bi gaɓoɓi biyar na ƙasan baya, ta ratsa ta cikin kwankwaso, ta haɗu da wata tsokar da ke shimfiɗe a cikin ƙashin ƙugu, sannan su biyu su fito ta matsematsi su manne a saman ƙashin cinya ta ciki. A jikin sa ko rago, ita ce doguwar tsokar nan mai laushi da mahauci ke yankowa daga jikin ƙashin baya ta cikin ciki. Aikinta ɗaga cinya zuwa ciki: hawan mataki, taka feda, ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki.

Dayafram kuma tana da jela biyu da suka sauko suka manne a gaban gaɓoɓin ƙasan baya, ta dama har gaɓa ta uku, ta hagu har ta biyu. Gefenta na baya ya yi lanƙwasa ya haye kan sowas daidai inda ta taso, tantaninsu a haɗe. Ƙasusuwa ɗaya suke ja, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa. Zaman kujera yana naɗe mutum a wuri biyu lokaci guda, a ƙasan haƙarƙari da kuma a matsematsi, wato daidai inda waɗannan tsokoki biyu suke.

Iyakar abin da ke tabbatacce ke nan: maƙwabtaka da aiki tare wajen riƙe baya. Abin da ake yaɗawa a TikTok cewa sowas ce ma'ajiyar baƙin ciki da tsoro, a danna ta a warke, wannan talla ce. Kuma kar ka bari wani ya luma maka yatsu a ciki da sunan saki tsokar, don hanji da manyan jijiyoyin jini na kwance a gabanta.

Gaskiya ne zama yana gajarta tsokar?

Tsoka tana gajarta da gaske in an ɗaure gaɓa a lanƙwashe makonni ba motsi, kamar wanda aka sa wa filasta ko majinyacin da ya daɗe a kwance. Mai zaman shago yana tashi, yana tafiya, yana kwanciya, don haka nasa bai kai can ba. Abin da ke faruwa a hankali shi ne ƙugu ya rage iya buɗewa ta baya. Lafiyayyen ƙugu yana barin cinya ta wuce bayan jiki da digiri 10 zuwa 20, kuma kowane taku na tafiya yana buƙatar wani abu daga ciki. Wani bincike a Ingila da aka buga a 2021 ya samu bambancin kusan digiri 6 tsakanin masu yawan zama marasa motsa jiki da masu ƙarancin zama masu motsa jiki.

Digiri 6 kamar ba komai, amma jiki ba ya yafe su. In cinya ta kasa komawa baya, sai ƙasan baya ya gantsare ya biya bashin a kowane taku. Wasu masu kukan kwankwaso in sun daɗe a tsaye ko sun yi tafiya mai nisa, mai yiwuwa daga nan nasu yake. Abin daɗin shi ne yana gyaruwa, duba amsar motsa jiki.

In na tashi daga kujera sai na yi taku uku ko huɗu a sunkuye kafin in miƙe. Tsufa ne?

Ɗan shekara ashirin da biyar ma yana yi in ya yi awa uku kan keken ɗinki. Jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓin baya da faifan da ke tsakaninsu suna miƙewa a hankali in an daɗe a lanƙwashe, kuma ba sa komawa nan take. Tsokokin gaban ƙugu sun daɗe a naɗe, na ɗuwawu kuma, waɗanda su ne ke miƙar da mutum tsaye, sun yi awanni an danne su ba aiki. In sagewar ta wuce cikin minti ɗaya ko biyu na tafiya, ba abin tsoro. In ta safe ce, tana ɗaukar fiye da rabin awa kullum, ko tana tashe ka cikin dare, wannan wani abu ne daban, na zuwa asibiti ne.

Ta yaya zan gwada kaina a gida?

Na numfashi: zauna yadda ka saba zama a wurin aiki, kar ka gyara. Ɗora hannu ɗaya a saman ƙirji, ɗayan a gefen haƙarƙarin ƙasa. Yi numfashi biyar. Sannan ka matsa bakin kujera, ka zauna kan ƙasusuwan ɗuwawu, ka sake. Yawanci za ka ji haƙarƙarin ƙasa ya fara buɗewa gefe da gefe, hannun sama ya lafa. In a zama na biyun ma kafaɗa ce ke hawa da sauka, ɗabi'ar ta zauna, sai an koya wa jiki.

Na ƙugu kuwa tsohon gwaji ne da ke ɗauke da sunan Hugh Owen Thomas, wani likitan ƙashi na Birtaniya a ƙarni na 19. Zauna a bakin gado mai tsayi ko tebur, rungume gwiwa ɗaya, kwanta da baya, ka bar ɗayar ƙafar ta rataya. In bayan cinyar da ke rataye ya sauka daidai da shimfiɗar gadon, ƙugun a buɗe yake. In ta tsaya a sama ta ƙi sauka, gabansa a ɗame yake. Kar ka ja gwiwar har ɗuwawu ya ɗago, in ba haka ba kowa zai faɗi gwajin. Mai ciwon ƙugu mai tsanani ko wanda aka yi wa aiki a wurin kar ya gwada shi kaɗai.

Minti nawa ya kamata in zauna kafin in tashi?

Rabin awa ma'auni ne mai kyau. A 2023 masu bincike a Jami'ar Columbia ta Amurka sun zaunar da mutane awa takwas suna gwada hutu iri-iri, suka ga tafiyar minti biyar duk rabin awa ce ta fi rage hawan sukari bayan cin abinci, ta kuma ɗan sauke hawan jini. Mutum 11 kacal aka yi gwajin da su, don haka ba doka ba ce, amma ta dace da abin da aka daɗe da sani. Tun 1953 likita Jerry Morris ya kwatanta direbobin bas na Landan da kwandastocinsu masu wuni suna hawa da sauka a matakalar bas mai bene, ya ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

In minti biyar ba zai yiwu ba, miƙewa tsaye na daƙiƙa talatin, da miƙa, da dogon numfashi uku sun fi babu nesa ba kusa ba. Ƙararrawar waya ba ta cika ɗorewa ba, kwana biyu za ka fara kashe ta. Ɗaura tashin da wani abu na aikinka: duk kiran waya a tsaye, duk mai saye da ya tafi ka raka shi bakin shago, ruwan sha ka ajiye shi inda sai ka tashi.

Ga jimillar mako, Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki kamar tafiya da sauri, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wani babban nazari a mujallar Lancet a 2016, kan mutum sama da miliyan ɗaya, ya nuna masu motsa jiki minti 60 zuwa 75 a kullum zaman awa takwas bai ƙara musu haɗarin mutuwa da wuri ba.

Ina salla sau biyar a rana. Wannan bai wadatar ba?

Salla ibada ce, ba don motsa jiki aka farlanta ta ba, amma jiki yana amfana: tana yanke zama, tana motsa gwiwa da idon sawu, kuma alwala da tattaki zuwa masallaci tafiya ce. Sai dai akwai giɓi biyu. Tsakanin Asuba da Azahar awa bakwai ne zuwa takwas, kuma a nan ne mafi yawan zaman aiki yake. Na biyu, ruku'u da sujada da zaman tahiya duk lanƙwasa ƙugu suke ta gaba, babu inda cinya ke wucewa bayan jiki, wanda shi ne abin da mai dogon zama ya rasa. Tafiya ce ke ba da wannan. Wanda ke da masallaci biyu kusa da shi, mai ɗan nisan ya fi wa ƙugunsa.

Zaman tabarma ko tsugunno ya fi na kujera?

Ta wani fannin, ƙwarai. A 2020 David Raichlen da abokan aikinsa sun auna mutanen Hadza, mafarauta a Tanzaniya, suka ga suna hutawa kusan awa goma a rana, daidai da ma'aikacin ofis a Turai. Bambancin shi ne suna yawan tsugunno da durƙuso, inda tsokokin ƙafa ke ci gaba da ɗan aiki. Mai zaman ƙasa kuma ba ya daɗewa a salo ɗaya: ya tanƙwashe, ya miƙe ƙafa, ya kishingiɗa, kuma kowane tashi daga ƙasa aikin cinya ne da ɗuwawu.

Amma tabarma ba magani ba ce. Mai ɗinkin hula ko mai yankan kuɓewa da ta miƙe ƙafa a ƙasa ta yi doro awa uku, cikinta ya fi na mai kujera matsewa. In za a daɗe a ƙasa, a sa filo ko naɗaɗɗen bargo ƙarƙashin ɗuwawu don ƙugu ya ɗara gwiwa tsayi. Kujera 'yar tsugunno kuwa, gwiwa tana sama da ƙugu sosai, ta dace da gajeren aiki kamar wanke-wanke, ba kitson wuni guda ba.

Ni tela ne, kuma in salla ta matso har kwana muke yi. Me zan gyara?

Fara da benci. Yawancin bencin shago ya yi ƙasa, gwiwa na tokarar teburin keke, baya ya lanƙwashe. Ƙara masa tsayi da katako ko matashi mai tauri har ƙugunka ya ɗan fi gwiwa. Na biyu haske: rabin sunkuyon tela neman ganin allura ne, ƙaramar fitila a kan keken tana ɗago kai fiye da kowace nasiha. In ka haura arba'in kuma zare ya fara ɓace maka, tabarau kake buƙata. Na uku, tsara aikin: maimakon ka yanka kaya goma sannan ka zauna ka ɗinke su a jere, ka riƙa cakuɗawa, yanka da guga a tsaye tsakanin ɗinki. Mai keken ƙafa ya riƙa taka feda da ƙafa biyu, don ƙafa ɗaya tana karkatar da kwankwaso.

Mu direbobi fa, da ba ma iya tashi duk rabin awa?

Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne, Damagaram zuwa Yamai kusan 900, ba wanda zai ce ka tsaya kowane minti talatin. Yi ƙoƙarin tsayawa duk awa biyu, ko da zagaya mota ne kana duba tayoyi. Matso da kujera yadda za ka taka kuloci har ƙasa ba tare da ɗuwawu ya zame gaba ba, ka sa naɗaɗɗen tawul a ƙasan baya, ka cire walat da waya daga aljihun baya, don suna karkatar da ƙugu suna danne babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Girgizar mota kanta tana gajiyar da baya, shi ya sa ɗan adaidaita da ɗan acaɓa ke jin jiki fiye da mai ofis ko da awanninsu ɗaya. Kuma kar ka sauko daga doguwar tafiya ka sunkuya ɗaukar buhu nan take, taka ɗan minti biyu tukuna.

Akwai haɗarin da ya fi ciwon baya: gudajin jini a jijiyar ƙafa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna haɗarin yana kusan ninkawa bayan tafiyar awa huɗu ko fiye a zaune, a jirgi ko a mota, ko da yake ga mai lafiya ƙalilan ne, kusan mutum 1 cikin 6,000. Ya shafi fasinjan bas ɗin dare, ya shafi maniyyata, tunda jirgin Kano zuwa Jidda ya haura awa huɗu. Riƙa ɗaga dunduniya da yatsun ƙafa, ka sha ruwa. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi a sharaɓa bayan tafiya, kar a yi mata tausa, asibiti za a nufa.

Wane motsa jiki ne ya fi dacewa?

Na farko don buɗe gaban ƙugu. Durƙusa da gwiwa ɗaya a kan filo, ɗayar ƙafar a gaba, tafin a ƙasa. Matse ɗuwawun ɓangaren da ke durƙushe, ka tura ƙugu gaba kaɗan ba tare da ka gantsare ba. Za ka ji ja a gaban cinya ta sama. Riƙe daƙiƙa 30 kana fitar da numfashi a hankali, sau biyu kowane ɓangare. Kuskuren da kowa ke yi shi ne zurmawa gaba sosai baya ya lanƙwashe, a nan tsokar ba ta miƙu ba, baya ne ya sha wahala. A shago ko ofis ana yinsa a tsaye: ƙafa ɗaya baya, matse ɗuwawu, ba wanda zai lura.

Na biyu don tayar da ɗuwawu. Kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, sauke a hankali, sau goma. Miƙa ba tare da ƙarfafawa ba ba ta daɗewa.

Na uku don numfashi. Kana nan a kwance, ɗora ƙafafu kan kujera, hannuwa a gefen haƙarƙarin ƙasa. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka ji haƙarƙari na buɗewa gefe da baya, ba tura ciki waje kawai ba. Fitar kana ƙirga shida. Minti uku sun isa. In ka ji jiri ko yatsu na tsikari, kana cika iska da yawa ne, rage ƙarfin ja.

Ƙwannafi na damuna in na koma kujera bayan abincin rana. Akwai alaƙa?

Akwai. Bututun abinci ta cikin dayafram ya ratsa kafin ya isa tumbi, kuma tsokar tana taimakawa wajen tsuke bakinsa. Cikakken ciki, da ranƙwafawa, da bel ko tazuge ko zani da aka ɗaure tamau, duk suna ƙara matsin da ke tura ruwan tumbi sama. Sassauta ɗaurin, ka yi tafiyar minti goma bayan cin tuwo ko shinkafa kafin ka zauna. In abinci na maƙalewa a hanya ko kana ramewa, wannan ba na zama ba ne.

Ina da juna biyu, kuma zama na sa ni haki. Yaya zan yi?

A watannin ƙarshe mahaifa tana tura dayafram sama da kusan santimita 4, don haka ɗan haki ba baƙon abu ba ne, Hajiya. Ki guji kujerar falo mai lotsawa. Zauna a mai tauri, gwiwoyi a ɗan buɗe, filo a ƙasan baya, ki riƙa tashi akai-akai, don ciki kansa yana ƙara haɗarin gudajin jinin da aka ambata a amsar direbobi. Mai teɓa ma buɗe gwiwoyi da ɗaga kujera na ba cikinsa wuri. Hakin da ya zo farat ɗaya, ko da ciwon ƙirji, ko kumburin fuska da ciwon kai, kar ki jira ranar awo.

Amma na ga masu asma suna sunkuyawa gaba in numfashi ya kama su. Ba ku ce sunkuyo na takura numfashi ba?

Sunkuyo biyu ne. Mai asma yana karkatowa daga ƙugu, baya a miƙe, ya dafa gwiwa ko tebur. Dafawar tana kafe kafaɗa yadda tsokokin ƙirji za su taya ɗaga haƙarƙari, kuma likitoci ma suna koyar da wannan zaman. Ranƙwafawar da muke magana a kai ita ce wadda tsakiyar baya ke lanƙwashewa, ƙirji ya faɗo kan ciki.

In sayi kujera mai tsada ko bel ɗin ɗaure baya?

Kujera mai kyau tana sa zama ya yi daɗi, wani lokaci har ta sa a ƙara daɗewa. Tawul a baya da tsayin da ya dace sun yi mafi yawan aikinta. Bel ɗin baya kuwa yana matse ciki daidai inda dayafram ke neman wuri, bai kamata a wuni da shi ba sai likita ya ce.

Yaushe zan daina ɗora wa zama laifi in je asibiti?

A numfashi: hakin da ya zo kwatsam, ciwon ƙirji, haki in an kwanta tare da kumburin ƙafafu, haki da ɗashewar ido da tafin hannu. Tari da ya wuce mako biyu, da zufar dare da rama, a je gwajin tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya. Babu ɗaya cikin waɗannan da gyaran zama zai warkar.

A baya da ƙugu: ƙafa na mutuwa ko tana ja, rashin ji a matsematsi da tsakanin cinyoyi, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, wannan na ranar ne, ba gobe ba. Mai sikila da ke jin ciwo a matsematsi yana ɗingishi ya nemi hoto, don sikila tana iya kashe kan ƙashin cinya, kuma miƙa ba ta gyara shi. Tarin fuka ma yana kama ƙashin baya, ruwan ƙurjinsa kan bi jikin sowas ya fito a matsayin kumburi a matsematsi, mai shi ya kasa miƙe ƙafa, ga zazzaɓi da rama. Haɗin ƙwayoyin kemis yana rufe irin waɗannan alamu, ga diclofenac da ibuprofen suna cin tumbi da ƙoda in an daɗe a kansu.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma ka yi mako huɗu zuwa shida kana tashi kana motsa jikin ba sauƙi, nemi likitan fisiyo, wato masu gashin ƙashi. Akwai su a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jiha, a Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano. Ka tafi da bayanin sana'arka, awa nawa kake zama, da irin kujerar. In da hali, sa wani ya ɗauke ka hoto daga gefe kana bakin aiki ka nuna masa.